MURYAR 'YAR TSANA: DAGA DABO-DABO ZUWA MANHAJAR WAYA



Wanda ya leƙa gidajenmu na zango bayan sallar magariba, ko a Nima ne, ko Sabon Zango, ko zangon Kumasi, zai ga abin da kakanninmu ba su gani ba. Yaro ɗan shekara huɗu ya rungume wayar uwarsa, haskenta ya cika masa fuska, wasu halittu masu launi suna tsalle suna zuba Turanci. A makarantun reno na Turai da Amurka kuwa, malamai sun kwana biyu da shigar da wata irin manhaja cikin aji, wadda yaro zai zaɓi 'yan tsana a fuskar kwamfuta, ya motsa su da yatsa, ya yi musu magana da bakinsa, ita kuma ta naɗi wasan. Na'urar sabuwa ce, babu shakka. Amma sana'ar ara wa 'yar tsana murya don a ba da labari ta girmi kwamfuta da ɗaruruwan shekaru, kuma Bahaushe yana da kasonsa a ciki. Tarihin nan ya cancanci a bi sawunsa, domin a kowane zango da ya yada, tambaya guda ce ke dawowa: muryar wa ke fitowa daga bakin 'yar tsanar, kuma da wane harshe?

ABIN DA MUKA TARAS A GIDA

Yarinyar Bahaushe ba ta taɓa jiran kanti kafin ta mallaki 'yar tsana ba. Kara ne, ko ƙashi, ko tsumma, ko yumɓu. Za ta goya ta, ta yi mata kitso, ta yi mata wanka, in ta girma ta haɗa ƙawaye a yi mata biki da gara da kai amarya. Wanda ya tsaya ya kasa kunne zai ji yarinyar tana yi wa 'yar tsanar faɗa da muryar uwarta, tana rarrashinta da kalmomin kakarta. A nan take gwada maganar manya tun kafin a ba ta izinin shiga cikinta. Malamai ma sun yi sassauci a kan wannan wasa, domin ya tabbata a hadisi cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta, kuma matan sahabbai sun riƙa yi wa yaransu abin wasa da ulu don su ɗauke musu hankali daga yunwa ranar azumin Ashura.

Da dare kuma sai a koma gaban kaka. Za ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," kuma ba za ta ƙara ko kalma ɗaya ba sai yara sun amsa, "Ta zo mu ji ta." Tun daga bakin ƙofa, ke nan, tatsuniya ta gindaya sharaɗin cewa aikin na mutum biyu ne. Kaka ba ta riƙe da komai a hannu, amma maƙogwaronta cike yake da 'yan tsana: ga Gizo da tsamin bakinsa, ga Ƙoƙi, ga Kura da kwaɗayinta, ga Dodo da muryarsa mai kauri. In an zo wurin waƙa, ita ke bayarwa, yara ke amshi. In yaro ya yi gyangyaɗi ta gani, in ya tsorata ta sassauta.

Akwai kuma masu sana'ar wasa da 'yan tsana a bainar jama'a. Hausawa suna kiran wasan dabo-dabo, a wajen Nijar ana ce wa 'yan tsanar ɗiyan dabo, Barebari kuma suna cewa dogodogo. A 1935 wani Bature mai suna Ellison ya buga bayanin irin wannan wasa da ya gani a Barno. Mai wasan yakan kafa sanduna, ya lulluɓa musu babbar riga ta zama kamar ɗan tanti, ya shige ciki ya ɓuya. Sai ya sa 'yan tsanar a hannu ya turo su ta sama, suna faɗa, suna neman aure, suna kwaikwayon halayen mutanen gari. A bakinsa akwai ɗan abin busa da aka yi da ɓawon ƙwan jimina, wanda ke mayar da muryarsa siririya mai ƙara. Saboda maganar ba ta fita sosai, sai wani ya tsaya a waje yana maimaita wa 'yan kallo abin da 'yar tsanar ta ce.

Maƙwabtanmu na yamma sun kai wannan fasaha nesa. A garin Markala na ƙasar Mali, a bakin kogin Neja, Bambarawa da masunta Bozo suna fito da manyan 'yan tsana masu siffar dabbobin daji da na ruwa, da kiɗa da waƙa. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan biki cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

AMANAR DA KE CIKIN BAKI

Mafi daɗewar rubutaccen wasan 'yan tsana da ya rage da Larabci a nahiyarmu aka rubuta shi. Muhammad Ibn Daniyal mutumin Mausil ne a Iraƙi, ya yi ƙaura zuwa Alƙahira a zamanin da Mongol suka mamaye ƙasarsu, ya zauna yana aikin likitan ido har ya rasu a 1310. Ya bar wasanni 3 na abin da Larabawa ke kira khayal al-zill, wato wasan inuwa. Akan yanka siffofi da fata, a kafa farin ƙyalle, a kunna fitila a baya, 'yan kallo su ga inuwa tana motsi tana magana. Wanda ya lura zai ga cewa farin ƙyalle mai haske a baya, da siffofi masu motsi a kansa, shi ne kakan fuskar wayar da ke hannun yaranmu.

Misirawa suna da wani wasan da ya fi kama da dabo-dabo, wanda suke kira Aragoz, ɗan tsana mai jar hula da kaifin baki, mai yi wa azzalumi da maƙaryaci ba'a a kasuwa da wuraren maulidi. Mai wasan yakan sa ɗan ƙarfe a ganɗarsa don ya sauya murya, kuma sunan wannan ƙarfe a wurinsu shi ne al-amana. Yana da abokin aiki da ke tsaye a waje yana mayar wa Aragoz magana yana jawo 'yan kallo ciki. A 2018 UNESCO ta sa Aragoz cikin al'adun da ke buƙatar ceton gaggawa, domin masu iya shi sun ƙaranta.

A Ingila ma haka abin yake. Wani ma'aikacin gwamnati mai suna Samuel Pepys ya rubuta a littafin ajiyar ranakunsa cewa a watan Mayu na 1662 ya kalli wasan 'yan tsana na wani Ba'italiye a Landan. Daga irin wannan wasa ne Punch ya fito, wanda har gobe ake yi wa murya da ɗan ƙarfe a baki.

Daga Barno zuwa Alƙahira zuwa Landan, abu uku ne ba sa rabuwa da wasan: hannun da ya ɓuya, muryar da aka ara, da mutumin da ke tsaye tsakanin 'yar tsana da jama'a yana haɗa zance. Sai dai a tuna, yawancin waɗannan wasanni na manya ne. Wasannin Ibn Daniyal cike suke da batsa da habaici, Punch kuwa sanda ce hujjarsa. 'Yar tsana ta daɗe a kasuwa kafin a buɗe mata ƙofar aji.

YADDA TA SHIGA MAKARANTA

Wanda ya share mata hanya Bajamushe ne, Friedrich Fröbel. A 1837 ya buɗe wurin wasa da koyo na ƙananan yara a garin Bad Blankenburg, a 1840 ya raɗa masa suna Kindergarten, ma'ana lambun yara. Wannan suna ne muke taƙaitawa mu ce KG a Ghana. Ra'ayinsa shi ne wasa babban aiki ne a wurin ƙaramin yaro, ta nan hankalinsa ke buɗewa. A 1844 ya fitar da littafin waƙoƙi da wasannin yatsu domin uwaye, inda yatsun hannu ke zama mutanen gida ko tsuntsaye. Da makarantun reno suka yaɗu a duniya, 'yar tsanar hannu da ta yatsa suka zama kayan aikin malama, domin an lura cewa yaron da kunya ta hana shi yi wa babba magana yakan saki baki da 'yar tsana.

Wata malama a Amurka ta ɗauki abin ta wani gefe. Vivian Gussin Paley ta yi shekaru masu yawa tana koyar da yaran reno a makarantar gwaji ta Jami'ar Shikago, ta rasu a 2019. Dabararta mai sauƙi ce. Yaro zai zo ya faɗi labarin da ya ƙaga, ita kuma ta rubuta shi kalma da kalma yadda ya faɗa, ba gyara. Kafin a tashi, sai a zauna a da'ira, a shata fili a tsakiya, mai labarin ya zaɓi rawar da zai taka, 'yan ajin su ɗauki sauran, a yi wasan. Ta bayyana wannan a littattafanta, ciki har da Wally's Stories na 1981. Abin da ta nuna shi ne, yaro ɗan shekara 4 ko 5 mawallafi ne tun bai iya riƙe alƙalami ba, in dai ya samu mai sauraro. A kan wannan tunani ne masu ƙera manhajojin yau suka gina, ko sun ambaci sunanta ko ba su ambata ba.

ZAMANIN AKWATIN TALABIJIN

Ranar 10 ga Nuwamba 1969 aka fara nuna shirin Sesame Street a Amurka. Joan Ganz Cooney da Lloyd Morrisett ne suka kafa shi da nufin shirya 'ya'yan talakawa kafin su shiga firamare, Jim Henson kuma ya kawo 'yan tsanarsa. Da farko masana halayyar yara sun ba da shawarar kada a haɗa mutane da 'yan tsana a fage guda, don kada yara su ruɗe tsakanin gaskiya da almara. Da aka gwada shirin a kan yara kafin a sake shi, sai aka ga muddin 'yan tsana suka bar fage, hankalin yara ya bar akwatin. Dole aka sake tsari, aka sa 'yan tsana suna zama a unguwa ɗaya da mutane suna hira da su. Ba tare da sun sani ba, sun koma ga tsarin mai dabo-dabo da abokin maganarsa.

Shirin ya haifi 'ya'ya a ƙasashe da yawa. A 1979 aka fara na Larabci a Kuwaiti, Iftah Ya Simsim. A 2000 Afirka ta Kudu ta samu Takalani Sesame, inda a 2002 aka fito da Kami, 'yar tsana marainiya mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, don a koya wa yara kada su ƙyamaci masu ita. A 2011 Najeriya ta fara Sesame Square, da Kami da wani shuɗin ɗan tsana mai son doya da ake kira Zobi, daga baya aka yi shi da Hausa da sunan Dandalin Sesame. Mu nan Ghana, waɗanda suka taso da talabijin ɗin GBC ba za su manta da By the Fireside ba, inda Maame Dokono ke tara yara tana ba su labaran Ananse, ɗan'uwan Gizonmu a wayo da kwaɗayi.

Talabijin ya kai labari gidajen da malami bai taɓa shiga ba, wannan alheri ne da ba a musunsa. Amma ya zo da naƙasa guda: yaro zai iya cewa "ta zo mu ji ta" sau goma, akwatin ba ya ji. A 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta na Jami'ar Washington suka buga sakamakon wani gwaji da ya nuna girman wannan naƙasa. Sun ɗauki jarirai 'yan wata 9 daga gidajen da Turanci kaɗai ake yi, suka haɗa su da masu jin harshen Sinanci na Mandarin a zama 12, ana yi musu wasa da karatu. Jariran da suka zauna da mutum ido da ido sun koyi bambance sautukan harshen. Waɗanda aka nuna wa mutanen nan a bidiyo kuwa, ba su fi waɗanda ba su taɓa jin harshen ba. Kunnen jariri yana buɗewa ne ga wanda ke kallonsa yana amsa masa.

'YAR TSANA A TAFIN HANNU

A 2010 kamfanin Apple ya fitar da iPad, kwamfutar hannu da ake sarrafawa da taɓawa. Yaron da bai san harafi ba ya iya jan abu da yatsa, don haka masu ƙera manhajoji suka ga ƙofa ta buɗe. Daga cikin na farko-farko akwai Puppet Pals. Yaro zai zaɓi 'yan wasa, ya zaɓi fage, ya danna maɓallin naɗi, sa'an nan ya riƙa jan su da yatsa yana magana. In ya gama, sai ya kalli wasansa da muryarsa a ciki. Ana iya ɗaukar hoton mutum ko na zane a yanko shi ya zama ɗan wasa. A 2011 wani ƙaramin kamfani mai suna Launchpad Toys ya fitar da Toontastic, wadda ke jan yaro ya gina labari mataki biyar, daga shimfiɗa, zuwa ɓullar matsala, zuwa tsanantarta, zuwa ƙololuwa, zuwa warwara. Google ya sayi kamfanin a 2015, ya sake fitar da manhajar da sabon fasali a 2017.

Manhajoji suna zuwa suna wucewa, wadda ake yayi bana ana iya nemanta baɗi a rasa. Abin lura shi ne tsarin da suka zo da shi. A wasan kasuwa, gwani ne ke da murya. A talabijin, kamfanin da ke wata ƙasa ne ke da ita. A irin wannan manhaja kuwa, 'yan tsanar bebaye ne, ba su da harshen kansu, sai wanda mai riƙe da wayar ya ba su. In ya yi Turanci su yi Turanci, in ya yi Hausa su yi Hausa. Amanar da mai Aragoz ke ɓoyewa a ganɗarsa ta dawo bakin yaro da na wanda ke zaune kusa da shi.

Wannan bai wanke waya daga laifinta ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allon na'ura, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini, in an rage ya fi. A cikin wannan shawara hukumar ta ƙarfafa karatu da ba da labari tare da mai reno. Manhajar da aka miƙa wa yaro don ya yi shiru a bar uwa ta yi aiki ta koma talabijin, ko da wane suna aka sayar da ita.

RABONMU A CIKI

Mu Hausawan zango muna da dalili na musamman na kula da wannan tarihi. Tun gyaran tsarin ilimi na 2007, shekara 2 na KG sun shiga cikin karatun tushe a Ghana, yaro yana shiga aji yana ɗan shekara 4. Harsunan gida 11 ne gwamnati ta ɗauki nauyin koyarwa da buga littattafai da su, irin su Twi da Ga da Ewe da Dagbani, kuma Hausa ba ta cikinsu, duk da cewa gidan rediyon GBC ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita. Yaronmu zai ji Turanci a aji, ya ji Twi ko Ga a titi, ya ji Larabci a makarantar allo. Hausa tsakar gida ta rage mata, tsakar gidan kuma waya ta shigo ta zauna. Kullum muna ganin yaran da ke jin Hausar aike da ta faɗa, amma ba su san ko tatsuniya ɗaya ba, ba su san abin da ake amsawa in an ce "ga ta nan" ba. Harshen da ya rage na "zo nan" da "bari" kaɗai, ya kama hanyar fita daga gida.

Magabatanmu a wannan ƙasa sun taɓa fuskantar sabuwar na'ura, kuma ba su guje ta ba. A farkon ƙarni na 20, a nan Gwalkwas, wani malami da ake kira Malam Shaihu ya zauna ya rubuta tatsuniyoyi da al'adu da karin magana na Hausa da ajami, ya ba jami'in mulkin mallaka R. S. Rattray. A 1913 aka buga su a Oxford cikin mujalladi 2, da hoton rubutun malamin a shafukan. A daidai wannan lokaci, tsakanin 1911 da 1913, Frank Edgar yana fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa daga rubuce-rubucen malaman Arewacin Najeriya. Wato ɗaya daga cikin tsofaffin taskokin tatsuniyar Hausa daga zangon wannan ƙasa ya fito. Injin ɗab'i baƙo ne a wurin Malam Shaihu kamar yadda manhaja take baƙuwa a wurinmu. Sai dai takarda ta adana kalmomin ne kawai, tsamin bakin Gizo da waƙar da amshinta suka tsaya a waje. Wayar da ke aljihunmu tana iya ɗaukar abin da takarda ta kasa.

Aikin ba ya buƙatar jari. Yaro ya zana Gizo da Ƙoƙi da Kura a takarda, ko a ɗinka su da tsumma, a ɗauki hotonsu a sa a manhaja. In babu manhajar, kyamarar waya da tsohuwar safa da aka sa wa idanu sun isa. Kaka ta ba da tatsuniyar tukuna, baki da baki, wayar tana ajiye. Sa'an nan a ce wa yaron ya maimaita da 'yan tsanarsa, ita ta zama Dodo shi ya zama Gizo. In ya cusa kalmar Turanci ko ta Twi, kada a tsawata masa, a mayar masa da ta Hausa cikin wasa a wuce. Hausarmu ta zango ma ba abin kunya ba ce, da ita aka yi cinikin goro daga Salaga har Kumasi, ita ce ya kamata jikoki su ji a bakin kakanninsu. Minti 15 ya wadatar. In an gama a tura wa dangi, a adana kwafi, domin tsohuwar da ke ba da labarin yau ba ta da tabbacin baɗi. Malaman makarantun islamiyya da na reno a unguwanninmu su ma suna iya ware rana guda a mako don wannan.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mai dabo-dabo ya san cewa 'yar tsanarsa tsumma ce da itace har sai ya sa hannu ya ba ta murya, kuma ya san wasan ba ya tafiya sai da na waje mai amsawa. Na'ura ta sauya sau da yawa tun daga fitilar Ibn Daniyal, wannan sharaɗi bai sauya ba. Yau da dare, kafin a miƙa wa yaro waya, a gwada ce masa "ga ta nan, ga ta nanku," a ji ko ya san amsa. In bai sani ba, daga nan aikin zai fara.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya jiƙan magabatanmu. Ƙurunƙus.